Yadda Ake Farfaɗo da Ƙasar Fadama Bayan Ruwa Ya Janye

Ruwa ya kwanta a gona wata ɗaya ko biyu, ya janye, ya bar laka mai duhu wadda kowa ke cewa taki ce. Sai a shuka masara ko a dasa albasa, shukar ta tsaya cak, ganyen masarar ya yi ja-ja, a ƙara mata kamfa, ko gezau. Manomin fadama da yawa ya ga wannan, kuma galibi takin yana nan a cikin ƙasa. Masu sarrafa shi su miƙa wa shuka ne ruwa ya shaƙe.

Ƙasa mai rai cike take da ƙananan halittun da ido ba ya gani, mafi yawansu bakteriya da funfuna mai zare-zare. Cokalin shayi ɗaya na ƙasar lambu mai kyau yana ɗauke da bakteriya daga miliyan 100 zuwa miliyan 1,000. Su ke ruɓar da kara da kashin shanu, su ke narkar da sinadaran da saiwa ke sha, su ke ɗaure ƙasa ta zama curi-curi ruwa ya samu hanyar shiga. A fadama al'amarinsu ya bambanta da na tudu, domin a shekara guda suna rayuwa iri biyu: ta ƙarƙashin ruwa, da ta bayan ruwa. Aikin manomi shi ne ya taimaka musu su sauya daga wannan zuwa waccan, kuma abin da suke bukata uku ne a jere: iska tukuna, sannan saiwa mai rai, sannan abinci. Wanda ya fara da buhun taki ya fara daga ƙarshe.

Mataki na 1: Raba gonar bisa kwanakin da ruwa ya yi a kanta

Tun ruwa yana ja, ka riƙa kafa turke a bakinsa duk mako. Nan gaba turakun za su nuna maka inda ya bari da wuri, da inda ya daɗe, da kwarin da bai bushe ba sam. Gona ɗaya ce a ido, amma halittun da ke gefen tudu, inda ruwa ya yi kwana uku, ba su sha wahalar da na kwari suka sha ba, inda ya yi wata biyu. Kowane yanki da irin hidimarsa, kuma gefen tudu ne za ka fara shiga.

Mataki na 2: Haƙa rami, ka duba launi, ka shinshina

A kowane yanki ka haƙa rami mai zurfin kamu ɗaya, wajen santimita 45 zuwa 50. Kafin ka fassara abin da ka gani, ya kamata ka san abin da ya faru a ƙarƙashin ruwan.

Iskar oksijin tana ratsa ruwa a hankali ƙwarai, kusan sau 10,000 ƙasa da yadda take ratsa sarari. Don haka da ruwa ya rufe gona, halittun ƙasa kan shanye ɗan oksijin ɗin da ya rage cikin yini ɗaya ko biyu. Masu bukatar iska su mutu ko su kwanta, waɗanda ke iya rayuwa ba iska su karɓi fili. Waɗannan kuwa sai sun samu abin da za su maye gurbin oksijin da shi, kuma bi da bi suke yi. Da farko su cinye naitiret, wato nau'in naitirojin (sinadarin da ke cikin takin yuriya) da shuka ta fi sha, su mai da shi iska ya tashi sama. A nan ne takin da ka zuba kafin ambaliya ya tafi. Daga nan su koma kan manganis, sannan ƙarfen ƙasa, wanda shi ke ba ta launin ja ko ruwan tsatsa. Idan sun juya shi sai ya narke, ƙasar ta koma ruwan toka. In ruwan ya ƙara daɗewa sai su shiga sinadaran farar wuta, su fitar da iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Na ƙarshe su ne masu fitar da iskar metan, kumfar nan da ke tasowa idan ka taka tabo.

To, ga yadda za ka karanta raminka. Ƙasa ruwan ƙasa-ƙasa mai ƙanshin farkon damina lafiyarta lau. Wannan ƙanshin wasu bakteriya ne masu son iska, dangin Streptomyces, ke fitar da shi, kuma daga danginsu ne aka samo maganin tarin fuka na sitireftomaisin a 1943. Ƙasa ruwan toka mai ɗigo-ɗigon tsatsa, musamman a bin hanyar tsofaffin saiwoyi, tana nuna ruwa na hawa yana sauka a wurin. Iska ta fara dawowa. Ruwan toka tsantsa ko mai shuɗi-shuɗi, ba ɗigon ja ko ɗaya, wurin bai numfasa ba tukuna. Baƙa ƙirin mai warin ƙwai kuwa, kada ka kai iri kusa da ita, saiwa za ta ƙone.

Wani lokaci za ka ga wani abu mai ƙyalli kamar mai a saman ruwan kwari, ka zaci injin ban ruwa ne ya zubar. Taɓa shi da tsinke. Idan ya farfashe gutsi-gutsi bai sake haɗewa ba, aikin bakteriyar ƙarfe ne, ba ya cutarwa. Idan ya sake haɗewa, mai ne.

Mataki na 3: Buɗe wa ruwa hanya, sannan ka yi haƙuri

Share magudanai, ka yanka ƙananan hanyoyi daga inda ruwa ya taru zuwa kwari. Bayan haka sai jira, kuma nan ne mutane suka fi kasawa, saboda maƙwabci ya riga ya fara kaftu. Ɗebo ƙasa daga zurfin taƙi guda, ka dunƙule, ka matsa da yatsa. Idan ta miƙe kamar yumɓu tana ƙyalli, ba ta yi ba. Idan ta marmashe, bismilla. Tarakta ko garmar shanu a kan jiƙaƙƙiyar laka suna daɓe ta, su toshe ƙofofin da iska za ta bi, kuma daɓen da aka yi a yini guda yakan ɗauki shekaru bai warware ba.

Duba kuma abin da kogi ya kawo. Laka mai laushi da ba ta wuce kaurin yatsu uku ba alheri ce, ka fasa ɓawonta ka gauraya ta da ƙasar asali, domin in an bar ta ta bushe sai ta zama murfi ta hana iska shiga. Rairayi mai kauri kuwa kusan ba shi da rai ba shi da abinci. Ko dai a kwashe shi zuwa gefe, ko a yi huɗa mai zurfi har ƙasar da ya binne ta taso ta haɗu da shi.

Akwai abin da ya fi ƙarfin manomi ɗaya, amma dole a faɗe shi. Albarkar fadama tana cikin sauyin nan na cika da janyewa. A dausayin Haɗeja da Nguru, tun bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwa ya koma gudana har da rani a wasu hanyoyin, kachalla ta mamaye su ta toshe, wasu gonaki suka daina bushewa, wasu kuma suka daina samun ambaliyar. Ƙasar da ba ta bushewa ba za ta fita daga halin ruwan toka ba, ko nawa ka kashe mata. A irin wannan wuri aikin gayya na share hanyar ruwa ya fi kowane taki amfani.

Mataki na 4: Sa saiwa mai rai a ƙasa da wuri

Wannan shi ne matakin da aka fi sakaci da shi, kuma shi ne amsar jan ganyen masara.

Akwai wata funfuna da ake kira maikoraiza, wadda ke shiga cikin saiwar shuka ta zauna, sannan ta miƙa zarenta cikin ƙasa nesa da inda saiwar ke iya kaiwa. Tana jawo wa shuka sinadaran fosfaras (wanda ke cikin takin sufa) da zink, shuka kuma tana ba ta sukari. Fosfaras ba ya tafiya a cikin ƙasa, inda yake nan yake, don haka shukar da ba ta da wannan zare sai ta ji yunwarsa ko da yana nan jingim. Ita kuma funfunar ba ta iya hayayyafa sai a jikin saiwa mai rai. Idan ambaliya ta kashe duk abin da ke gona, aka kuma bar ta fayau wata da watanni, sai yawanta ya ragu sosai. Manoman masara a Amurka sun ga haka ƙarara bayan babbar ambaliyar kogin Misisifi ta 1993: shekarar da ta biyo baya masara ta fito gajera, ganye ja-ja, a gonakin da gwaji ya nuna akwai fosfaras isasshe.

Maganin shi ne kada gona ta zauna tsirara. Da zarar yanki ya yi daidai shiga, ka watsa wani abu mai saurin fita, ko da ba don girbi ba: wake, dawa, gero, ko masara da aka cika ta don dabbobi. Mako huɗu zuwa shida na saiwa mai rai suna taimakawa. In za ka share, ka yanke daga sama ka bar saiwar a ciki, kuma ka rage yawan juya ƙasa, domin kowace huɗa tana tsinka zaren. Kakanninmu da ke bin ruwa da irin wake yana ja suna shukawa, kamar yadda har yau ake yi a bakin Tafkin Chadi, wannan aikin suke yi.

Ka lura da jerin shuka. Albasa da masara sun dogara ƙwarai da wannan funfuna, saboda haka su suka fi jin jiki bayan doguwar ambaliya. Kabeji kuwa ba ya hulɗa da ita sam, alayyafo ma kusan haka. Wato kabeji zai iya yi a wurin da ta ragu, amma ba zai farfaɗo da ita ba. Wanda ya bi ambaliya da kabeji, sannan ya bi kabeji da albasa, ya tsawaita matsalar. Idan dole sai ka dasa albasa ko ka shuka masara kai tsaye, ka sa ɗan sufa ko kamfa a ramin shuka, gefe kaɗan da irin, inda ƙaramar saiwa za ta iske shi ba tare da taimako ba. Watsa shi a faɗin gona asara ce a wannan yanayi. Kada kuma ka zarce, domin fosfaras in ya yi yawa shuka kan daina karɓar funfunar.

Mataki na 5: Wake, gyaɗa, waken suya, da duba ƙululunsu

Dangin wake suna da nasu abokan, bakteriyar raizobiya, masu yin ƙananan ƙululu a saiwa suna kamo naitirojin daga iska. Bayan mako biyar ko shida da shuka, ka tono 'yan gindi da fartanya, kada ka fizge, ka wanke saiwar, ka tsaga ƙulli ɗaya da farce. Ciki ja ko ruwan hoda, suna aiki. Fari ko kore, ba sa yi. Babu ƙululu sam, ko dai ƙasar ta cika ruwa har yanzu, ko bakteriyar babu, ko ka cika yuriya.

Waken gida yakan samu raizobiyarsa a ƙasarmu. Waken suya ne baƙo, ya fi amfana da garin bakteriya da ake shafa wa iri, irin su NoduMax da cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ke yi. Ka ɗan jiƙa irin da ruwan ƙaro ko ruwan sukari, ka barbaɗa garin bisa awon da ke jikin leda, ka juya har kowace ƙwaya ta ɗauka, ka shanya a inuwa, ka shuka a ranar. Abu ne mai rai. Ledar da ta yini a rana a kasuwa ko ta wuce wa'adinta ba ta da amfani.

Ga kwarin da ke daɗe da danshi akwai zamarke. Wani nau'insa na yankin Sahel, Sesbania rostrata, har a jikin kara yake yin ƙululu, shi ya sa yake kamo naitirojin ko gindinsa na cikin ruwa. A shuka shi, a sare yana da mako shida zuwa takwas tun bai yi itace ba, a binne kafin dashen shinkafa.

Mataki na 6: Yanzu ka ba su abinci

Abincinsu kara ne da ganye da kashin dabbobi, amma lokacin bayarwa shi ne magana. Ɗanyen karan shinkafa yana da ƙarancin naitirojin, don haka masu ruɓar da shi sai su ari na cikin ƙasa, shuka ta yi ɗorawa na 'yan makonni. Idan kuma aka binne shi aka cika ruwa nan take, sai ya ruɓe ba iska, ya fitar da tsami mai ƙona saiwar dashe, ga metan. Ka binne shi sama-sama aƙalla wata ɗaya kafin ka sako ruwa, ƙasa na da ɗan danshi, ko ka shimfiɗa shi a saman komayen tumatir da tattasai ya tare zafin rana. Ƙona shi kuwa, ni dai ban ga hujjarsa ba sai inda cuta ta kama gona: naitirojin ɗinsa da abincin halittun duk hayaƙi suke bi, toka kawai ta rage.

Mafi kyau shi ne a ruɓar da shi a tari, a wurin da ruwa ba ya kaiwa. Shimfiɗar kara, shimfiɗar kashin shanu ko na kaji, ɗan yayyafin ruwa, a maimaita har tarin ya kai ƙugu ko ƙirji. Danshinsa ya zama in ka matse a hannu ɗigo ɗaya ko biyu ya fito. Soka sanda a tsakiya; bayan kwana uku ko huɗu ka zaro, in ta yi zafi ana aiki, kuma zafin da ya kai digiri 55 na ma'aunin Celsius zuwa sama yana kashe yawancin ƙwayoyin cuta da irin ciyawa. Juya shi duk mako biyu ko uku. Cikin wata biyu zuwa uku zai yi baƙi, ya huce, ya daina wari.

Mataki na 7: Takin zamani da ban ruwa

A 1958 wani masanin ƙasa, H. F. Birch, da ke aiki a Gabashin Afirka, ya nuna cewa idan busasshiyar ƙasa ta jiƙe, halittun cikinta kan farka gaba ɗaya su saki naitirojin mai yawa cikin 'yan kwanaki. Kyauta ce, amma ba ta jira. Wanda ya malala ruwan farko ya tafi sai bayan mako biyu ya dawo dashe, ya bar ta ta zurare ƙasa. Ka shirya iri kafin ka kunna inji, ruwan farko kuma ya zama daidai jiƙa ƙasa.

A lambu ka raba yuriya kashi biyu ko uku, ka binne ta, ka bi da ruwa kaɗan. A gonar shinkafa, watsa ta a saman ruwa yana sa kaso mai yawa ya tashi iska. Inda ake samun dunƙulalliyar yuriya, a cusa ƙwaya ɗaya zurfin santimita 7 zuwa 10 a tsakiyar gindi huɗu, kimanin mako guda bayan dashe. A can ƙasa babu iskar da masu juya ta zuwa naitiret ke bukata, sai ta zauna saiwa ta same ta. In babu, ka rage ruwa har tabo ya bayyana, ka zuba, ka tattake ta ciki, washegari ka mayar da ruwa.

Shinkafa ba ta bukatar ruwa a tsaye kullum. Cibiyar binciken shinkafa ta IRRI da ke Filifin ta fito da hanya mai sauƙi: yanki bututun roba mai tsawon santimita 30, ka huhhuda rabinsa, ka kafa rabin mai hudojin a ƙasa, ka kwashe ƙasar cikinsa. Ka bar ruwa ya sauka har ka gan shi santimita 15 ƙarƙashin fuskar ƙasa a cikin bututun, sannan ka mayar ya kai santimita 5 a sama. Ka fara bayan dashe ya kama, in kuma ta zo fure ka bar ruwa a tsaye. Ana iya rage ruwa har kusan kashi 30 cikin 100, man inji ya ragu, ƙasa ta riƙa shan iska. Wannan shan iskar yana kuma rage narkakken ƙarfen da ke sa ganyen shinkafa ya yi ɗigo-ɗigon tsatsa a wasu kwaruruka.

Idan ka ga farin gishiri ko kanwa na fitowa a saman kunya, ruwa na tsayawa yana ƙafewa a wurin ne. Gyara magudana, domin gishiri na takura halittun ƙasa kamar yadda yake takura shuka.

Mataki na 8: Kula da miyagun cikinsu

Ba duk abin da kogi ya kawo ne na alheri ba. Wasu masu ruɓar da gindin ƙananan shuka iyo suke yi a ruwa su bi daga gindi zuwa gindi, shi ya sa gandun renon iri ya kamata ya kasance a tudu, a kan komi mai tsayi. Tumatirin da ya yanƙwane farat ɗaya yana kore shar, ka yanko guntun kara daga gindinsa ka rataya bakinsa a cikin kofin gilashi mai ruwa garai-garai. In ka ga farin abu na zubowa kamar zare cikin 'yan mintoci, bakteriyar yanƙwanewa ce. Feshi ba ya yi mata. Tuge shukar da ƙasar gindinta ka fitar, kada ruwan wurin ya gangara wani komi, kuma ka huta da tumatir, tattasai, gauta da dankalin turawa a nan na 'yan shekaru, ka sa hatsi.

Ruwan ambaliya kuma yakan bi ta masai da juji kafin ya iso gona. Latas, karas, kabeji ko duk abin da ake ci ɗanye, in ruwan ya taɓa shi, kada a kai shi kasuwa, wanki ba ya raba shi da cutar. Ɗanyen kashin dabba ma haka: ƙa'idar noma ba sinadari ta Amurka ta sa kwana 120 tsakanin zuba shi da girbin abin da ke taɓa ƙasa, kwana 90 ga wanda ba ya taɓawa, kuma awo ne mai kyau a ko'ina. Sa takalmin roba, musamman in akwai rauni a ƙafa. Wanda gonarsa ke ƙasa da masana'antu, irin na jima, ya kai samfurin ƙasa a auna masa, ko a cibiyar binciken noma ta IAR da ke Samaru, ko a takwararta INRAN ga mutanen Nijar, ko ta hannun malamin gona.

Mataki na 9: Gwajin farin ƙyalle

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Samo farin yadi na auduga zalla, wanda ba a haɗa da roba ba, ka yanka shi gida-gida daidai da juna, kamar faɗin tafin hannu biyu. Binne ɗaya a kowane yankin da ka kafa wa turke, zurfin santimita 10 zuwa 15, duk a rana ɗaya, ka sa alama. Auduga abincin halittun ƙasa ce. Bayan mako shida ka tono su ka jera. Wanda ya zama tsumma ya rududduge, wurin na da rai. Wanda ya fito kusan yadda ka sa shi, wurin na fama da rashin iska, ko bushewa, ko gishiri, ko yunwa, sai ka koma mataki na 2 ka sake haƙa rami a nan. Idan ka ga ƙasar gara a jikin ƙyallen, kada ka lissafa shi, gara ce ta ci. Ka rubuta sakamakon kowane yanki tare da kwanakin da ruwa ya yi a kansa da abin da ka shuka, baɗi ka binne sabbin ƙyallaye a wuraren nan dai, a irin wannan lokaci.